Gurbin Kunci a Gindin Bindiga

Tsohon nan ba ɗan garin ba ne. Milisav mai gyaran bindiga bai san ko sunansa ba, amma taɓon takalminsa ya nuna daga ƙauyukan kan dutse ya gangaro. Gajere ne, da farin gashin baki da taguwar fatar tunkiya, sai rawar ƙafa yake kamar ango.

Bindigarsa ta sojan da ce, an ɗaura mata sabon madubin hangen nesa yau. Milisav yana tsammanin abokan farauta ne suka ishe shi da tsiya, don ya ji yana gunaguni wai bana in ya sake kuskuren aladen daji, korar dabbobi za su sa shi, ba harbi ba.

Ga tsohon ya ɗora ta a kafaɗa, ba harsashi, yana auna kurmin da ke hayi. Sai dai madubin ya yi sama, kuncinsa ba ya sauka a gurbin da ya goge a jikin katakon.

"Baba, a sa maka gindin roba mai tudu mana."

"Ɗana, kuncin ubana ne ya ci wurin nan. Miƙo wuƙa."

Nan take ya yanki gefen taguwarsa, ya naɗe a kan gurbin, ya ɗora kunci. Ya leƙa ta madubin. Can kafaɗunsa suka soma girgiza da dariya.

"Ga barewa can tana kiwo. Ni da nake ta gaya wa mutane dajin nan ya mutu!"