Jan Fenti a Bangonmu

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya muna zaune a ɗakunan baya na gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA, wanda Babanmu yake yi wa akawu. Kaka, mahaifiyar Baba, ta taho daga Zariya neman maganin ƙafa, shi ke nan ta zauna. Kullum in an kwashe tuwo sai mu kewaye murhu, ta ba mu tatsuniya, mu rufe da waƙar coci ɗaya. Baba Idi maigadi yakan saurara daga kan bencinsa, wani lokaci har mu jiyo dariyarsa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. A coci sai raɗe-raɗi, wasu har sun mayar da iyali gida. Wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a bangon ɗakinmu, layi biyu a gicciye. Mama ta dafe ƙirji ta ce, "An shaida mu. Wa ke buɗe ƙofa in ba Idi ba?" Baba ya ce gobe zai kai ƙara wajen Alhaji.

Da yammar nan Kaka ta ce yau babu tatsuniya. "Wautar kakanku zan ba ku, ai ba ya nan balle ya musa." Ta ɗaga murya yadda Baba zai ji daga ɗaki.

Ta ce bangon ɗakinsu na ƙasa ne ya riƙa jiƙewa daga gindi, yaɓe yana zubewa. Kakanmu ya kalla sau ɗaya ya ce indararon Malam Sule ne, maƙwabcin da suke cin tuwo kwano ɗaya. Ya sake yaɓe, ya zube. Ya je ya zazzaga wa mutumin magana a gaban 'ya'yansa. Malam Sule ya cire indararon ya mayar wani gefe, daga ranar ko gaisuwa babu.

"Damina ta wuce, bango bai bushe ba. Na ce, Maigida, ruwan sama da rani? Ya ce me mace ta sani a gini. Ranar da na ɗaga randata zan wanke, ashe gindinta ne ya tsage." Ta gyara itace a wuta. "Maganar Allah ba ta ce mu yi zato ba, cewa ta yi mu gwada kowane abu."

Daga ɗaki Baba ya ce, "Inna, wannan ba zancen randa ba ne. 'Ya'ya gare ni." Kaka ta ci gaba da gyara wutarta. Na gane abin da take nufi sarai, amma wace ce ni?

A gaban Alhaji, Baba Idi ya ce tsaga ya gani a bangon da yara ke kwana, ya kira wani magini daga unguwar Gama ya yi alama. Baba ya ce, "Dama me zai ce?" Ba wanda ya je ya duba. Alhaji ya sallami Baba Idi don a zauna lafiya. Na gan shi yana naɗe tabarma, ya ce mini, "'Yar Kaka, a yi karatu da kyau." Ban amsa ba, Mama na kallona.

Bayan mako guda magini ya zo da siminti. Ya kankare fentin da cokalinsa, ga tsaga siririya kamar zare, daga tushe har rufi.

Baba ya nemi Baba Idi har unguwar Kawaji, aka ce ya koma Jigawa. Shekara shida yana buɗe mana ƙofa, babu wanda ya taɓa tambayarsa sunan ƙauyensu.

Da na yi 'ya'ya na san tsoron Baba ba ƙarya ba ne, ni ma ban tabbata zan fi shi ba. Abin da ke damuna shi ne taku biyar ne daga murhu zuwa bangon, kuma dukanmu masu addu'a ne. Har yau ina roƙa wa Baba Idi alheri. Sunan mahaifinsa ma ban sani ba, sai dai in ce, "Ya Ubangiji, Idi maigadi, Kai ka san shi."