Kawu da Jan Sansa

Tun kafin a haifi yawancin yaran unguwar, Kawu ke jan ruwa a tsohuwar rijiya ta bayan kasuwa. Rijiya ce mai zurfin da hannu ba ya iya mata, sai sa. Shi kuwa san Kawu ja ne, irin na shanun hamada: ga tozo, ga gajeren gashi mai santsi, ga fatar wuya tana reto. Ba shi da ƙiba, amma ƙashinsa ƙarfe ne. Busasshen kara ya ishe shi, ruwa kaɗan ya kai shi yini. Idan rana ta take, sauran dabbobi suka fake suna haki, shi ko a jikinsa. Da damina ya ja garma, da rani ya ja guga, kashinsa ma masu lambu na rububinsa.

Abu guda Kawu ya koya masa tun yana maraƙi: ba a gudu da igiya. Sannu zai taka har guga ya iso baki, Kawu ya yi fito, ya tsaya cak. Bai taɓa ɗora masa sanda ba.

Mai yi masa tsiya a kan haka shi ne Gajere, mai yasar rijiya, abokin wasansa, ɗan ƙanwar babansa.

"Kai da san nan naka, ban san wa ya koya wa wani lalaci ba," in ji shi. "Hawainiya ma sai ta ba ku rata."

"Ka fara tsawo tukuna, sannan ka yi maganar manya," Kawu kan amsa.

A tsakiyar zafin bana ruwa ya ja baya, aka kira Gajere ya yashe rijiyar. Ya ɗaura igiya a ƙugu, san ya sauke shi a hankali. Yana ƙasa yana cika guga da laka, bakinsa bai huta ba. Can wajen azahar sai Kawu ya lura shiru ya yi yawa. Ya leƙa, ya kira, ya sake kira. Ba amsa. Iskar ƙasan ta ɓaci, Gajere ya sume.

Nan take wuri ya rikice. Mata na salati, matar Gajere ta yar da tulunta ta zo a guje. Wani mahauci ya zaro sanda ya nufi san.

"A doke shi ya ruga mana! Mutum zai mutu!"

Kawu ya tare shi da ƙirji. "Ka taɓa shi, kai ka kashe Gajere. In ya zabura, kan mutumin zai yi ta bugun bango har sama."

Kawu ya koma gefen dabbarsa. Ya dafa tozon san, ya ce, "Mu je, ɗan albarka."

San ya taka, irin takun da ya saba, a kan ƙasar da takalmi ma ba ya hana ta ƙuna. Igiya na kuka a kan itacen da aka gitta a bakin rijiyar. Waɗanda suka tsaya a wurin har yau ba sa son tuna tsawon tafiyar nan. Da kan Gajere ya bayyana a baki, Kawu ya yi fito. San ya tsaya cak. Da ya ƙara taku ɗaya, da kan Gajere ya haɗu da itacen.

Aka kwantar da shi a inuwa, aka yayyafa masa ruwa, ana yi masa fifita. Da ƙyar ya yi tari, ya buɗe ido, ya dubi Kawu.

"Yaya," ya ce a shaƙe, "yau ma sai da kuka ɓata mini lokaci."

Kawu ya miƙe. Ya juya ya cika kwamin shayar da dabbobi da ruwa, ya tsuguna kusa da san, yana share ido da hannun riga.