Baƙon da Ya Mai da Iya Namiji

Iya tana zaune a ƙofar ɗakin jarrabawar yaren waje, riƙe da hannun 'yarta, ma'aikaciyar jinya. Bara harshen yarinyar ya ƙage a gaban mai tambaya. In ta sake faɗuwa bana, aikin asibitin ƙetare ya wuce ta.

Ga mai jarrabawar ya leƙo, baƙo daga ƙetare, dogo, siriri kamar abinci na gaba da shi, maɓallin rigarsa a ramin da ba nasa ba. Wannan, in ji Iya a ranta, ba mai duba shi kafin ya fito.

Ya rusuna mata da Hausar da ya tsinto a hanya: "Malam, kana lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan," Iya ta amsa. "Gemun ne dai bai fito ba tukuna."

Yarinyar ta tuntsire da dariya. Shi ma yana yi, ya kauce ya ba ta hanya ta shiga.

Iya na zargin da gangan ya yi, don ya kwantar wa yarinyar hankali. Mai irin kallon da ya yi wa yarinyar, shi ma bakinsa ya taɓa rawa a gaban wani. Tana ta sa masa albarka, kunnenta a ƙofa. Ko kalma ɗaya ba ta ganewa, amma muryar 'yarta ce, kuma har yanzu ba ta tsaya ba.