Mudirin Fanni da Rigar Mahaifina

Abubuwa da yawa sun same ni a Riyad waɗanda tuni suka shige mini, sai wani ya tuna mini na ce, "Af, haka fa aka yi." Amma ranar da aka shafa mini hoda a gaban kawuna, in dai da rai da hankali, ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ban daɗe da zuwa ba. Allah ya ba ni gurbin karatu a jami'a, ina ajin share fagen harshe. Larabcina na zaure ne, na tsofaffin littattafai. Zan iya warware maka baiti har in yi masa li'irabi, amma in mai kanti ya yi mini magana sai na tsaya ina kallon bakinsa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan wuce unguwar Manfuha wurin ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekara da shekaru a can yana ɗinki da surfani a wani ɗan shago. Nan mutanenmu na Damagaram da Maraɗi ke haɗuwa, direbobi da masu gadi da leburori, a dafa shayi a taɓa hira. Ni na rubuta wa Kawu allon bakin shagon da ajami, da alƙalamin kara, don namu su gane wurin tun daga nesa.

Ina da riga guda, gadon mahaifina, saƙi ce mai aska takwas. Ba na sa ta sai Juma'a.

Wata Juma'a muna zaune sai ga wani Balarabe ɗan ƙasar Sham, mai furfura, sanye da baƙaƙen kaya, ya zo karɓar wani surfani da ya ba Kawu. Ya daɗe a tsaye yana duban allon. Ya tambayi wanda ya rubuta, aka nuna ni. Daidai nan na saɓa hannun riga a kafaɗa zan karɓi shayi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sake yi." Na ɗauka ban ji daidai ba. Na sake saɓawa. Ya yi murmushi, ya ce shi ne mudirin fanni na wata mujalla, yana so ya sa ni a ciki, shafuka masu yawa. In zo da alƙalamina da tawada da takarda, kuma lalle da wannan riga.

To, mai karatu, ka yi mini adalci. A wurinmu fanni shi ne fannin ilmi: fannin nahawu, fannin fiƙihu, fannin tafsiri. Mujalla kuwa, wadda na sani ita ce ta ɗakin karatun jami'a, inda manyan malamai ke buga bincikensu. Mudirin fanni na mujalla, in ba shugaban wani sashe na ilmi ba, to wane ne? Ban san cewa a bakin mutanen yau fanni zane ne da hoto da tsara shafi ba. Batun riga kuwa, na ce ai suna so ne in fito da kamala.

Ni na fassara wa Kawu, domin Larabcinsa na ciniki ne, ya yarda nawa ya fi. Kawu ya ajiye allura ya yi kabbara. Kafin magariba babu wanda bai ji ba. Ya buga wa mahaifiyata waya, ya buga wa malamina na gida, ya ce ɗanku ko shekara bai yi ba malaman Larabawa sun neme shi. Wani direba ɗan Maraɗi, abokin wasan Kawu, ya ɗauki butata ya ce, "Daga yau ni ne mai riƙe butar Shehi." Na ce ya bari, amma Allah ya sani har cikin raina na ji daɗi. Na zauna na tsara jawabi kan yadda kakanninmu suka lanƙwasa haruffan Larabci suka rubuta Hausa, na haddace shi kamar hadda.

Ranar da aka sa, Kawu ya rufe shago, abin da ba ya yi sai don salla, ya sha farar shadda ya raka ni. Muka isa wani ƙaton gini a arewacin gari, kamar sito. Da muka shiga na fara neman kantocin littattafai da ido. Babu. Sai fitilu masu fararen lema, da tufafi rataye jere-jere, da wata fanka mai girman tayar babbar mota, da farin bango fetal. Kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, ilmin zamani ke nan.

Wani Basudane mai shayi a wurin ya zaunar da mu. Ya nuna Balaraben nan da haɓa, ya rage murya ya ce, "Kun yi sa'a. Kafin ya zo, mujallun ƙasar nan cike suke da zanen furanni da ruwan zinare, mutum ya ƙame a tsakiya kamar turken wuta. Shi ya share duk wannan. Sai ya bar rabin shafi fari fat, ya ce ido ma yana son ya huta. Ya ce tufa in ba ta motsi gawa ce. Yanzu kowa shi yake kwaikwayo." Na lura kuwa mai ɗaukar hoton, da ƙasaitarsa, ba ya danna komai sai mutumin ya gyaɗa kai. Na ji maganar tufa, amma ban tsaya na auna ta ba, ina ta bitar jawabina.

Aka tsayar da ni gaban farin bangon. Na gyara murya, na yi bisimilla, na yi salati, na ce amma ba'adu. Mutumin ya ce, "Hilu, hilu," wato ya yi kyau, "ci gaba da magana, amma saɓa hannun rigar." Na saɓa. Aka kunna fanka, rigar mahaifina ta tashi sama, na danne ta da hannu biyu. Ya yi ihu, "La, la, sake ta!" Kafin in farga wani mutum ya matso da buroshi mai laushi ya shiga shafa mini hoda a goshi da hanci, wai ina ƙyalli.

Nan na waiwaya wajen Kawu. Ya ɗauki mujalla ɗaya daga kan tebur yana buɗawa a hankali. Daga inda nake ina hango shafukan: abaya, jaka, kwalbar turare, wata mace ta juya baya mayafinta na tashi. Ya rufe, ya ajiye ta kife. Ya dube ni da hodata ya ce, "Ɗana, wannan ce mujallar?"

Ban taɓa roƙon ƙasa ta tsage ba sai ranar. Na zo wurinsa na ce, "Kawu, ku tashi mu tafi."

Ya ce, "Mu tafi ina? Da bakinka ka amsa wa mutum, ya tara jama'arsa ya kunna fitilu. Je ka faɗa masa abin da ka ɗauka, ka ji abin da zai ce."

Na je wurin Balaraben na yi masa bayani da Larabcin littafi. Da ya gane sai ya fashe da dariya har ya dafa bango. Can ya dubi Kawu a zaune cikin farar shadda, dariyar ta tsaya. Ya ce, "Me kake tsoro?" Na ce fuskata. An gaya wa mahaifiyata da malamina cewa ilmi ne ya kai ni mujalla. In suka ga fuskata tsakanin turare da jakar mata, za a ce ɗan malam ya bar karatu ya koma talla. Ya ce, "Ya habibi, kada ka ji haushi, ni dama ban ga fuskarka ba. Riga na gani da hannu." Ban san ko in gode ko in ƙara jin kunya ba. Ya yi alkawari fuskata ba za ta fito ba, muka ƙarasa. A ƙarshe ya ce in rubuta sunan wannan tufa da harshenmu. Na tsoma alƙalami na rubuta "riga".

A mota Kawu sai tasbihi yake ta ja. Juma'ar da ta biyo baya na ƙi zuwa Manfuha, na ce karatu ya yi yawa. Ya aiko a ce mini shayi ba ya jiran kowa, in zo. Da na je na tarar ya riga ya faɗa musu komai, bai rage ba bai ƙara ba, ya ce laifinsa ne da ya yi saurin buga waya. Wannan ya fi hodar yi mini ciwo: tsoho ya ɗauki kunyata ya ɗora a kansa. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don ban san ko Balaraben zai cika alkawari ba. Kowace salla sai na roƙi Allah ya rufa mini asiri.

Da mujallar ta fito, direban nan ne ya kawo ta. Ya gan ta a wani kanti a unguwar Suwaidi, ya saye, ya shigo shago yana ɗaga ta sama yana cewa, "A ba Shehi hanya!" Aka yi caa a kanta. Ni na kasa tashi. Sai na ji shiru. Na matsa na leƙa.

Shafin dama fari ne tas, ba komai sai kalmata, "riga", an buɗa ta ta cika wuri, har ana ganin inda karan ya tsage tawada ta yi kaushi. A na hagu rigar mahaifina ce a buɗe cikin iska, askar nan takwas ta fito zare-zare, da hannuna yana saɓa ta. An yanke hoton daidai wuya. Na girma ina ganin rigar nan, amma sai ranar na gan ta. Kawu ya bi ɗinkin da yatsa ya ce, "Allah ya jiƙan wanda ya yi wannan aiki." Na ga idonsa ya kawo ruwa.

Direban ya duba, ya duba, ya ce, "To ina kan? Shehi, sun buga ilmin duka sun bar kan a gida!" Shago ya ɗauki dariya. Daga ranar na zama Shehi Marar Kai, kuma har na gama karatu sunan bai sake ni ba.

Saura kiran gida. Ni na kira malamina da kaina na warware masa. Da na gama sai ya ce, "Da ya ce maka fanni, ka tambaye shi wane fanni?" Na ce a'a, Malam. Ya ce, "A zaurena ka taɓa wuce kalma ba ka tambaya ba?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ya canza, jirgin sama?"

Bayan wani lokaci na fara ganin ɗinkin aska a hannun abaya a tagogin kantuna, da hotunan da aka yanke daidai wuya a wasu mujallun. Kawu ya samu aiki har ya gaji. Mutane na cewa abin ya zama alheri, kuma haka ne, alhamdu lillahi. Amma ni abin da na tsira da shi daban ne. Kalmar da ban sani ba ba ta taɓa kunyata ni ba, domin ita nakan tambaya. Wadda na tabbata na sani ce ta tsayar da ni gaban fanka. Shi ya sa yau, da furfurata, in mutum ya faɗa mini magana ko da na haddace ta tun ina yaro, nakan dakata in ce, "Gafarta, kai me kake nufi da ita?"