Lambar da Ke Wuyan Rigar Tanis

Shekara ashirin da biyu ke nan Odile Marchand tana riƙe da makullin ɗakin rigunan sanyi na makarantar Katolikan unguwarmu, a arewacin birnin Winnipeg. Ɗakin yana ƙarƙashin ginin, kusa da tukunyar da ke ɗumama azuzuwa. Iyaye masu hali suna kawo rigunan da suka yi wa 'ya'yansu kaɗan, ita kuma ta wanke, ta gyara zif, ta rataye. Wanda ba shi da riga yakan sauko a watan Nuwamba ya zaɓa, idan ƙanƙara ta narke a Afrilu ya mayar. Ba a taɓa biyanta ko sisi ba.

Dokarta ɗaya ce, ba a barin suna a jikin riga. Tana da shekara takwas mahaifinta, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya karye a ƙugu, matan coci suka ba ta wata jar riga mai sunan 'yar likita a wuya. Duk ajin suka gani, kuma har ta gama makarantar da sunan 'yar likitan ake tsokanarta. Da ta bar kamfanin ɗinki bayan shekara talatin a kan keke ta karɓi ɗakin nan, sai ta fito da tsarinta. Takan cire kowane suna, ta ɗinka ɗan farin ƙyalle mai lamba, ita kaɗai ta san wa ke sanye da wace lamba. Fada, limamin cocinmu, ya sha yaba tsarin a coci.

Wata Litinin cikin Disamba, sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifiri, Tanis Beardy 'yar aji huɗu ta zo makaranta da suwaita biyu kawai, kunnuwanta sun yi fari. Ranar Juma'ar da ta wuce Odile ta ba ta riga shuɗiya kamar sabuwa. Kafin tashi shugaban makaranta, Mista Dacanay, ya kira Odile ofis. Rigar tana kan teburinsa cikin leda.

"Mama Odile, zauna. Kakar Tanis ce ta dawo da ita. Ta nemi takardar canjin makaranta, jibi za ta zo karɓa."

"A kan riga? Sau biyu na wanke ta."

"Ta ce ki duba wuyan."

Odile ta duba. Ɗinki tsaf, lamba arba'in da bakwai. Ba ta ga laifi ba.

"Don Allah kada ki je gidan," in ji shi. "Kwamitin sulhu na makaranta zai zauna ranar Alhamis ya rubuta mata wasiƙa."

"Wasiƙar ce yarinyar za ta sa a jiki gobe da safe? Kai da ka zo da mota mai ɗumi?"

Ta ɗauki ledar ta fita.

Gidan yana bayan layin dogo. Florence Beardy, Bacreeya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar, 'yar shekara saba'in da ɗaya, ita ke riƙe da Tanis tun mutuwar uwarta. Ta buɗe ƙofa, ta ga ledar, ba ta matsa ba.

"Ke ce mai lambobin?"

"Ni ce, Madam Beardy."

"Shigo, baiwar Allah, kina zubar min da ɗumin gida."

Ba ta ba ta kujera ba. Tanis tana teburin girki tana aikin gida, kakar ta ce ta shiga ɗaki. Sannan ta zaro rigar, ta juya wuyan sama.

"Tawa hamsin da biyu ce," in ji Florence. "Ina da shekara shida aka zo da jirgin ruwa aka kwashe mu zuwa makarantar kwana ta sistocin coci. Suka yanke min gashi, suka ƙona rigar da uwata ta ɗinka, suka ba ni wata. Farin ƙyalle, baƙar lamba, daidai nan. Har a safa. Shekara tara ba wanda ya ce Florence. Hamsin da biyu, tashi. Hamsin da biyu, wanke bene."

Odile ta san labarin makarantun nan. Kowace shekara makarantarmu tana ware ranar tunawa da yaran da aka raba da iyayensu, kuma ita ce ke goge ƙyallen da ake shimfiɗawa a wurin addu'ar. Ta gaya min daga baya cewa ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa wancan da allurarta ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Na yi ne don kada a..."

"Su ma don alheri suka yi, haka suka ce. Shekara uku ina yaƙi da zuciyata kafin na kai yarinyar nan makaranta mai gicciye a ƙofa, don tana son ƙungiyar waƙarku. Ranar Juma'a ta dawo tana rawa, wai Kaka dubi rigata. Na ɗaga gashinta zan gyara mata wuya, sai na ga wannan."

Odile ta so ta ba da labarin jar rigar, ta haɗiye. Ta laluba jakarta ta fito da ƙaramin almakashi, ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa.

"Shekara talatin a kamfani, aka ce min, amma almakashi ya fi ƙarfinki," in ji Florence. "Zauna kafin ki yanka rigar."

Ta zauna ta warware ɗinkin zare bayan zare. Florence tana tsaye a kanta har ƙyallen ya fita.

"To me za ki sa a wurin?"

"Ba komai. Zan riƙe a kaina wa ke da ita."

"Don me za ki riƙe?"

"Saboda Afrilu, lokacin mayarwa."

"Ashe aro ne. A takardar coci kyauta kuka rubuta. Kin ba ta ne ko kin ara mata?"

Odile ta dubi rigar. Ɗakin yana da riguna ɗari da arba'in, kuma mayarwar nan ce ke cika shi kowace shekara.

"Na ba ta," ta ce.

"To rubuta sunanta. Tanis, fito ki faɗa wa matar nan yadda ake rubuta sunanki."

Da zaren da ke jakarta Odile ta ɗinka haruffa biyar a wuyan rigar, sunan farko da ta sa a riga tun tana yarinya. Florence ta dafa shayi kofi ɗaya, ta ajiye a gabanta.

"Takardar canjin makarantar fa?" in ji Odile.

"Jibi zan zo. Ba ofis zan fara shiga ba, ɗakin naki zan sauka in duba wuyan kowace riga. Idan na ga lamba ɗaya, zan hau sama in karɓi takardata."

Washegari Odile ta bi azuzuwa a lokacin cin abinci, tana zare ƙyalle daga rigunan da ke rataye a ƙugiya, sannan ta koma ƙasa ta gama sauran. Ranar Laraba Florence ta shafe awa biyu a ɗakin, ta fita ta ƙofar baya, ba ta hau ofis ba. Takardar tana nan a aljihun teburin Mista Dacanay. Florence ta ce kada ya yaga ta.

A Afrilun nan Odile ba ta nemi kowa ya mayar ba. Riguna talatin da ɗaya ne suka dawo, daga waɗanda suka ga dama. Ta fara bin iyaye a ƙofar coci tun watan Yuni, tana roƙon riguna.