Neman Sarkin Ruwa a Ƙasar Ayilan

Cikin duk ranakun da na yi a wannan ofis, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da aka sa ni neman Sarkin Ruwa a ƙasar Turawa. Ku da kuka shigo aiki bayana kun ji gutsuren labarin a bakin Patron, amma shi yakan ƙara masa gishiri. Zan faɗa muku iya abin da na riƙe, in na yi kuskure a wani wuri Allah ya yafe mini.

A lokacin ina cikin watannin gwaji, ban daɗe da gama digiri na biyu ba. Ofishin yana inda yake yanzu, kan titi na 116 a nan Amurka, tsakanin telan nan ɗan Senegal da shagon kayan miya. Aikin kamfani a da bai wuce tikitin Yamai da Kano da Akara ba, sai Umara da Hajji. Patron, wato maigidanmu Alhaji Isuhu mutumin Maraɗi, shi ya ga ya kamata a buɗe teburin yawon buɗe ido, ya ɗauke ni ya zaunar a kai. Ranar farko ya gaya mini sharaɗi a fili.

"Bon, ɗan boko. In teburin ga ya ciyar da kanshi, ka zauna. In bai ciyar ba, sai mu ɗora mashi firinta."

Bazara ta kusa shigowa, teburin bai ciyar da ko kyanwa ba, sai ga Dakta Bello. Yana aiki a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin duniya da ke nan birnin. Matarsa 'yar ƙasar Ayilan ce, maƙwabciyar Ingila, kuma danginta sun gayyaci iyalin gaba ɗaya zuwa ƙauyensu da ke bakin wani babban tafki. Tafiyar ta haɗa da shi da matar da 'ya'yansu da ƙannensa, da kuma mahaifiyarsa, Hajiya Kulu, wadda ta baro Yawuri ta zauna tare da su.

Ga waɗanda ba su taɓa haɗa tafiyar ayari ba, yadda ake yi ke nan. Za ka tuntuɓi mutanen can ka ji abin da suke da shi, ka tsara kwanakin, mai tafiya ya duba ya amince, sannan ka tabbatar da masauki da jirgi. Kafin amincewa, babu abin da ke hannunka. Ƙauyen kuwa kusan komai nasa a kan ruwa yake. Akwai ƙananan kwalekwale na mutum ɗaya da yara ke tuƙawa kusa da gaɓa, akwai kamun kifi da fatsa, akwai wurin iyo. Abin da baƙi suka fi zuwa dominsa shi ne wani tsibiri a tsakiyar tafkin, inda kufan gidan ibadar Kiristocin dā yake, da doguwar hasumiya ta dutse, da wata tsohuwar rijiya da mutanen wurin ke girmamawa. Ba a isa tsibirin sai da jirgin ruwa.

Na rubuta tsarin da kulawa. A ƙarƙashin kowane abu na sa gargaɗi: mai yiwuwa a yi iska, wataƙila ruwan ya yi sanyi, ana iya fasawa. Patron ya karanta, ya ɗauki jan biro ya soke su duka, ya rubuta da hannunsa cewa tafkin ba shi da haɗari ko kaɗan. Na ce masa ban tabbata ba. Ya ce ba a biyana don in tabbata.

Bayan kwana kaɗan Dakta ya shigo da Hajiya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai tabarau da carbi, amma da ta zauna sai ofishin ya zama kamar nata. Na durƙusa na gaishe ta. Ta sa aka karanta mata tsarin, da aka zo layin Patron ta ɗaga hannu.

"Wa ya rubuta wanga?"

Patron ya fara gyara takardun da ba sa bukatar gyara. Na ce, "Ranki ya daɗe, daga ofishin nan ne."

"Ni a bakin Kwara aka haife ni, yaro. Ruwan da ba shi da haɗari sai na buta. Wa ke Sarkin Ruwan garin?"

Ku 'yan haihuwar Bronx, bari in yi muku bayani. A garuruwanmu na bakin kogi akwai mutumin da ruwa ke hannunsa, galibi gado ne. Shi ya san inda ake shiga da inda ba a shiga, shi ke ba da izini, shi ake kira in wani ya nutse. Hajiya ta ce jikanta ko ɗaya ba zai taka jirgi ba sai ta yi magana da na can. In ba a same shi ba, ita ba ta zuwa. Dakta kuma ya ja ni gefe ya ce in ba ta je ba, kowa ya fasa.

Na ce, "Yallaɓai, ai madam 'yar garin ce. Ba za ta yi mata bayani ba?"

"Mun gwada. Ta ce ni ɗa ne mai kare surukansa, matata kuma mai yabon garinsu. Ta ce kai za ka yi tafinta, mu kada ma mu zo."

Suna fita Patron ya kawo shawara. Akwai Baturen da ke gyara mana na'urar ɗumama ɗaki, jan gashi gare shi. A sa masa hula, a zaunar da shi gaban waya, ya ce ya ba da izini, shi ke nan. Ban ce a'a kai tsaye ba, don ban iya ba. Na ce ina ganin kamar, in bai ga laifi ba, zai fi kyau in fara gwada ta gaskiya tukuna. Ya ce in gwada, ai teburina ne.

Washegari da safe na kira ofishin baƙi na ƙauyen. Sai da na rubuta tambayar na goge ta sau da yawa, don kunya. Yaya mai digiri biyu zai tambayi Baturiya ko suna da sarkin da ke mulkin ruwa? Na yi ta zagaye, ina ba da haƙuri, har matar ta katse ni. Ban ji dariya a muryarta ba ko kaɗan. Ta ce, "To ai Seamus kake nema." Ta ce shi ke kai baƙi tsibirin tun yana saurayi, kafin shi ubansa ne, kuma in ya ce yau ba a fita, ko limamin coci ba ya fita.

Muka sa ranar kiran bidiyo. Hajiya ta iso cikin leshi mai nauyi, kamar mai zuwa ɗaurin aure, da ƙullin goro a jaka. Patron ya ja kujera ya zauna daf da ni. Allon ya buɗe, sai ga wani tsoho mai farin gemu da hular ulu, a bayansa igiyoyi da filafilai a jingine, ta taga kuma ruwa baƙi ƙirin har inda ido ya tsaya.

Hajiya ta kasa kama sunan, ta mayar da shi Malam Shamsu, shi kuma ya ce ya karɓa. Ta gaishe shi da iyali, da aiki, da ruwa. Ya ce ruwa ya tashi da fushi yau amma zai huce. Ta gyaɗa kai kamar an ba ta labarin wani ɗan uwa.

"Tambaye shi, mi ruwan ya hana?"

Ya lissafa. Ba a yin fito da baki a cikin jirginsa, don fiton baki yana kiran iska. Ba a miƙewa tsaye. Ba mai shiga sai da rigar ceto, ko da kifi ne ya haife shi. In iska ta juyo daga wani ɓangare da ya nuna da hannu, jirgi ba ya barin gaɓa, komai nisan da baƙo ya taho. Hajiya ta ce su ma a gida ba a yin fito da baki a kan ruwa. Na fara samun numfashi.

Sai ta gyara tabarau ta ce, "Yanzu tambaye shi. Ruwan shina ci?"

Na tambaya. Tsohon ya shafa gemu, sannan ya ce tsofaffin garin suna cewa tafkin yana ɗaukar mutum guda duk bayan shekara bakwai, kuma ba ya yafe rabonsa.

Patron ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ce a hankali, da murmushi a fuska don kada Hajiya ta gane, "Ce mata ya ce ruwan lafiya lau." Ba zan ɓoye muku ba, na ga aikina yana tafiya. Kalma ɗaya ce, babu mai jin harsunan biyu a wurin sai ni da shi. Amma yara ne za su shiga jirgin, kuma tambayar kakarsu ce. Ban san ko jarumta ce ko tsoron Allah ko tsoron Hajiya ba. Na dai faɗa mata yadda tsohon ya faɗa.

Patron ya rufe ido.

Hajiya ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Wanga shi ne Sarkin Ruwa na gaske. Duk mai ce maka ruwanshi bai ci, ko bai san ruwan ba, ko tikiti yake saidawa."

Patron ya buɗe ido ya kalli silin.

Ta ce in tambaye shi su wa ruwan ya ci a zamaninsa. Nan tsohon ya bar wasa. Ya ce waɗanda ya sani, ko sun fita an hana su, ko sun raina rigar ceto, ko sun sha abin da bai kamata a sha kafin shiga jirgi ba. Daga jirginsa kuwa, da na ubansa, ba a taɓa rasa kowa ba, kuma ba ya nufin farawa da jikokinta. Hajiya ta ce ta ji, ta yarda.

Da a nan aka tsaya da na tsira. Amma ta ƙara tambaya ko bana shekarar ci ce. Na ga idon tsohon ya yi wani irin ƙyalli. Ya ce in bai ɓata lissafi ba, bana ce. Sai dai ta kwantar da hankalinta, tafkin ba ya son kakanni, yara kuma ba sa ƙosar da shi. Abin da ya fi so shi ne ma'aikacin kamfanin tafiye-tafiye daga Amurka, mai yawan tambaya da ba da haƙuri.

Na duba hagu, na duba dama. Babu wani tafinta sai ni. Haka na fassara hukuncina da bakina.

Hajiya ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye. "To ai an gama. Alhaji, ka ba mu yaron ga mu tafi da shi. In ruwan ya tambaya, muna da abin ba shi."

"Bon," in ji Patron, "na bayar, Hajiya. Fisabilillahi."

Na ɗauka wasa ne. Sai da ta ce ba za ta amince da tsarin ba sai an rubuta sunana a cikin ayari, kuma ni zan fara shiga jirgi. Na ce ranki ya daɗe, ban iya iyo ba. Ta ce ita ma ta lura, shi ya sa ta yarda da fassarata, don matsoraci ba ya rage wa haɗari nauyi.

Mun je. Na ɓata lokaci mai yawa ina binciken ko an yarda a shiga ƙasar da goro, na kuma nuna shi a filin jirgi tun ba a tambaye ni ba. A bakin tafkin Hajiya ta miƙa wa Malam Shamsu goron da hannu biyu. Ya ɓantara ya tauna, fuskarsa ta haɗe wuri guda, ya ce a gaya mata bai taɓa cin abu mai daɗi haka ba. Ta ce a gaya masa wannan ce ƙaryarsa ta farko, kuma ta yafe. Na shiga jirgi na zauna a tsakiya, na ɗaure rigar ceto har numfashi yana yi mini wuya. Duk lokacin da igiyar ruwa ta bugi jirgin, tsofaffin biyu sai su juyo su dube ni tare, kamar masu duba ragon layya. Mun isa tsibiri lafiya. Hasumiyar tana da kyau, ina jin, amma na fi tuna daɗin taka ƙasa. Yara sun tuƙa ƙananan kwalekwalensu kusa da gaɓa, Hajiya na zaune a kan dutse tana jan carbi tana ba su umarnin da ba su ji.

Da muka dawo aka tabbatar da ni a aiki. Dangin Dakta da abokan aikinsa suka fara zuwa, da yawa ta bakin Hajiya.

Abin da na koya, in har na fahimce shi daidai, shi ne mutanenmu ba sa neman ka ce musu babu haɗari. Sun san akwai, sun girmi maganar. So suke ka nuna musu wanda haɗarin ke hannunsa, su ji muryarsa, su auna shi da kansu. Saboda haka in wani ya ba ku tambayar da kuke jin kunyar kai wa Bature, ku kai ta yadda take. Sau da yawa za ku tarar su ma suna da nasu tsohon a bakin ruwa, yana jiran wanda zai tambaya. Sai dai ina ba ku shawara, kafin ku haɗa tsoho da tsohuwa a waya ɗaya, ku tabbata akwai wani a ofis da ya fi ku ƙiba.