Tsohon Mahauci da Tsutsa Mai Goyo Sittin da Uku

Ka taɓa ganin ana cin mai rai tun daga cikin cikinsa, yana numfashi? Kawuna ya gani, har ya ɗauki hoto ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana fawa. Da kafaɗa ta ƙi ɗaga gatari sai ya koma lambun bayan gida: kunya shida ta tumatir, uku nasa, uku na ƙaninsa, Baba Ƙarami. Ya samo gilashin ƙara girma ya ɗaure wa wayarsa da roba. Ba ruwansa da fure, kisa yake ɗauka. Ƙoƙi-ƙoƙi ta danne fara tana ci daga wuya, ƙafar farar na harbi har minti tara. Cinnaku sha bakwai suna yayyaga tsutsa ɗaya.

"Mu a mahauta sai dabba ta daina motsi muke sa wuƙar fiɗa," in ji shi. "Waɗannan ba su da imani."

Bana korayen tsutsotsi suka auka wa tumatir. Na ƙirga, arba'in da ɗaya. A kunyar Kawu akwai wata da ta daina ci, bayanta ɗauke da fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, sittin da uku. Kawu ya ga fitowarsu ta gilashinsa: 'ya'yan wata ƙaramar rina ne, sun cinye cikin tsutsar, sun huda fatarta, kowane ya saƙa wa kansa ɗaki. In suka ƙyanƙyashe, sauran tsutsotsin sun shiga uku. Ya roƙi ƙaninsa kwana bakwai ba feshi.

Rana ta biyar Baba Ƙarami ya shigo da tankin feshi a baya. Ya wanke kunyoyinsa uku da magani, ya doso ta huɗu.

"Kai, tsaya nan!"

"Yaya, matsa. Kana kiwon tsutsa kamar tunkiya, ni ana cinye min ganye."

"Kwana biyu suka rage!"

"Ka ɗauki hoton gawarta."

Ya matsa hannun famfo. Kawu ya kifa kan shukar da mai goyon take, maganin ya jiƙa masa baya sharkaf. Ya juyo ya fizge sandar feshin, ya karya ta a gwiwa kamar ƙashin haƙarƙari. Baba Ƙarami ya kai masa karo a ƙirji. Suka zube cikin kunya, wannan ya shaƙe wuya, wancan yana naushi, tankin na tsiyaya. Shuka huɗu suka karye, haƙorin Baba Ƙarami ɗaya ya fita, hancin Kawu na zubar da jini kan tumatir. Sai da Gwaggo, yayarsu, ta sheƙa musu bokiti biyu na ruwa suka rabu.

"Ku ji min tsofaffin banza! Furfura a kai, kuna kokawa kan tsutsa! Tashi ka wanke gubar nan, mai hoton tsiya!"

Kawu bai tashi ba sai da ya leƙa ƙarƙashin ganyen. Tsutsar tana nan, magani bai taɓa ta ba.

Rana ta bakwai da hantsi ɗakunan suka fara buɗewa. Hamsin da takwas suka fito, biyar ba su motsa ba. Kawu na durƙushe da kumburarren hanci yana danna waya.

Bayan sati uku na sake ƙirga. Kunyoyin Kawu, tsutsa huɗu, uku da goyo. Na Baba Ƙarami, da maganin ya share mai ɓarna da mai gadi gaba ɗaya, sababbi ashirin da tara. Ya tsaya bakin kunya yana shafa giɓinsa.

"Yaya, ara min mai goyo ɗaya."

"Zo da hannu biyu. Kuma ka cire tankin nan tukuna."

Gobe da safe, kafin ka taɓa maganin feshi, durƙusa ka juya ganye goma, ka ɗora waya a kai, ka ƙirga wa ke cin wa.